Tsohon Labari a Allon Sinima: Daga Fatalwar Dickens zuwa Tajuj ta Sudan

1.0 Gabatarwa

A duk ƙarshen shekara, idan bikin Kirsimeti ya ƙarato, akwai muhawarar da takan taso a jaridun Ingila da Amurka: daga cikin finafinan da aka yi da labarin A Christmas Carol na Charles Dickens, wanne ne ya fi? Wasu su ce na 1951, wasu su ce na 1984, waɗanda suka tashi a shekarun 1990 kuwa su tsaya kai da fata a kan na 'yan tsana. Ba a taɓa cimma matsaya ba, domin abin zaɓin yana da yawa, kuma kowa ya fi son wanda ya fara gani yana yaro.

Ga ɗalibin adabi akwai wata tambaya a bayan wannan. Me ya sa wata al'umma take da gomman finafinai a kan labari guda, har ta sami abin yin gardama, wata kuwa tana da labarin da ya kai shi ƙarfi amma sau ɗaya tak aka ɗauke shi? Mutanen Sudan suna da labarin Tajuj da Muhallaƙ, wanda kusan kowa a ƙasar ya san shi, amma cikakken fim ɗaya aka san shi da shi. Amsar ba ta cikin labaran kansu, tana cikin tarihin gidajen sinima na Khartum da Omdurman, da na mutanen da suka yi ƙoƙarin cika su da labaran gida. Abin da ake nufi da baddalawa a nan shi ne ɗauke labari daga wani nau'in adabi zuwa wani, kamar daga baka zuwa littafi, ko daga littafi zuwa dandamali ko fim.

2.0 Labarin Scrooge da Finafinansa

An buga A Christmas Carol a Landan ranar 19 ga Disamba, 1843. Kwafe 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar Kirsimeti, ko da yake kuɗin littafin sule 5 ne, wato kashi ɗaya cikin uku na albashin mako na Bob Cratchit, akawun da ke cikin labarin, wanda ake biyan sa sule 15. Tauraron labarin, Ebenezer Scrooge, attajiri ne marowaci. A daren jajibirin Kirsimeti fatalwar abokin cinikinsa Jacob Marley, wanda ya mutu shekara 7 da suka wuce, ta zo masa tana jan sarƙa, ta gargaɗe shi. Daga nan baƙi uku suka biyo baya: na farko ya nuna masa ƙuruciyarsa, na biyu ya nuna masa halin da mutane ke ciki a wannan rana, na uku ya kai shi gaban kabarinsa. Gari na wayewa Scrooge ya tuba. Dickens ya san talaucin da yake magana a kai, domin yana ɗan shekara 12 aka sa shi aiki a masana'antar man goge takalma, lokacin da aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi.

Mai fassara wannan labari zuwa Hausa zai fara cin karo da matsalar kalma. Marley fatalwa ne, tunda mamaci ne da ya dawo. Sauran ukun ba matattu ba ne, ba su taɓa zama mutane ba, saboda haka kiran su fatalwa kuskure ne. Kalmar rauhani ta fi kusa da su, ko da yake ita ma tana ɗauke da wata ma'ana ta addini da Dickens bai nufa ba. Ita kuwa al'adar ba da labarin fatalwa a gindin murhu cikin sanyin hunturu ta girmi Dickens a Ingila, kuma ba ta da nisa da tatsuniyar dare a ƙasar Hausa.

Tun ba a je ko'ina ba labarin ya kuɓuce wa mai shi. A Janairun 1844 wasu maɗaba'a suka fitar da shi ba da izini ba. Dickens ya kai su ƙara ya yi nasara, amma suka ce sun karye, kuɗin shari'a ya dawo kansa. A Fabrairun shekarar gidajen wasan kwaikwayo da dama na Landan suka fara nuna shi a dandamali. Shi kansa Dickens, daga 1853 har zuwa shekarar rasuwarsa 1870, ya riƙa karanta taƙaitaccen labarin a gaban jama'a, yana ragewa yana gyarawa.

Fim mafi daɗewa da ya rage shi ne Scrooge, or Marley's Ghost na 1901, wanda Walter Booth ya shirya wa kamfanin Robert Paul. Tsawonsa kamar minti 6 ne, kuma abin da ya tsira bai kai minti 4 ba. Da yake lokaci ya yi kaɗan, sai aka zubar da rauhanan uku, aka bar Marley shi kaɗai ya nuna wa Scrooge komai. A fim mai magana na 1935, wanda Seymour Hicks ya fito a ciki, an yi akasin haka ga Marley: ana jin muryarsa, ba a ganin sa. Na kamfanin MGM na 1938 ya wanke labarin tas don iyali, ya cire yaran nan biyu masu ban tausayi, Jahilci da Fatara, waɗanda rauhani na biyu yake ɓoye da su a ƙarƙashin rigarsa. A wurin Dickens waɗannan yara su ne zuciyar gargaɗin, don haka duk fim ɗin da ya cire su ya mayar da labarin na gyaran halin mutum ɗaya, ya bar maganar al'umma.

Wanda aka fi yabo shi ne na 1951, wanda Brian Desmond Hurst ya ba da umarni, Alastair Sim ya fito a Scrooge. Abin lura shi ne, wannan fim da ake kira na asali ya ƙara abubuwan da babu su a littafin. Marubucinsa Noel Langley ya sa mahaifiyar Scrooge ta mutu wajen haihuwarsa, 'yar'uwarsa Fan ita ma ta mutu wajen haihuwar Fred, har sai da ya mayar da Fan yaya, alhali a littafin ƙanwa ce. Da haka rowar Scrooge ta sami dalili, mai kallo ya tausaya masa tun kafin ya tuba. George C. Scott a 1984 ya ɗauki wata hanya, ya fito da shi ɗan kasuwa mai hankali wanda ya yarda da hujjojinsa, kuma wannan ya fi ban tsoro. Na 'yan tsanan Muppet na 1992, da Michael Caine, ya raba Marley gida biyu don ban dariya, amma ya sa wani ɗan tsana ya zama Dickens yana ba da labari, ta haka ya riƙe muryar marubucin fiye da finafinai da yawa da ake ɗauka da muhimmanci. Kowane zamani dai ya sami damar sake faɗin labarin yadda ya ga dama, kuma kuskuren wani fim yakan zama darasin na bayansa.

3.0 Shigar Sinima Khartum da Omdurman

Na'urar ɗaukar fim ta shiga Sudan ne tare da sojan mamaya. A Satumban 1898, dab da yaƙin Karari inda rundunar Kitchener ta karya daular Mahadi, wani Bature mai suna John Benett-Stanford ya ɗauki ɗan gajeren hoton sojojin Ingila a kusa da Omdurman, aka nuna shi a Landan. A 1912 Sarki George na Biyar ya yada zango a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan a kan hanyarsa ta komawa daga Indiya, aka ɗauki ziyarar, aka nuna wa jama'a a fili. Daga shekarun 1920 'yan kasuwa baƙi, musamman Girkawa, suka fara buɗe wuraren kallo a Khartum. A 1935 aka buɗe gidan Coliseum, sannan 'yan kasuwar ƙasa suka kafa nasu kamfanin, wanda gidajensa suka shahara da sunan Waɗaniyya a Omdurman da sauran garuruwa.

Yawancin waɗannan gidaje ba su da rufi. Katanga ce huɗu da allo da kujeru, kamar yadda Rex da Palace suke a Kano a da, saboda zafi ya yi yawa kuma ruwan sama kaɗan ne. Sai rana ta faɗi ake fara nuni. Wannan siffa ta gini ita ce daga baya ta zama ajalinsu. Abin da ake nunawa kuwa na Masar ne, da na Indiya, da na Amurka da Ingila.

Akwai wani abin takaici a wannan tarihi. Idan ana neman labarin da ya shafi Sudan wanda aka baddala sau da yawa kamar na Scrooge, to, akwai shi, amma na Bature ne. Littafin The Four Feathers na A. E. W. Mason, wanda ya fito a 1902, labarin wani hafsan Ingila ne da aka zarga da tsoro, ya tafi Sudan a ɓoye don ya wanke kansa, har ya shiga kurkukun Omdurman. An mayar da shi fim a 1915, 1921, 1929, 1939, 1955, 1978 da 2002. Na 1939, na Zoltan Korda, a Sudan aka ɗauki fagagen yaƙinsa, da ɗimbin mutanen ƙasar suna fitowa a matsayin mayaƙan da ake harbewa. Na 1955 ma bai wahalar da kansa ba, hotunan yaƙin na 1939 ya sake amfani da su. Haka fim ɗin Khartoum na 1966, inda Laurence Olivier ya shafa baƙi ya fito a Mahadi, a Masar aka ɗauki yawancinsa. Omdurman ta daɗe a allon duniya, amma a matsayin fagen jarumtakar wani.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen finafinai a 1949, don yin gajerun finafinan wayar da kai da ake zagayawa da su ƙauyuka a mota, abin da Bahaushe ya sani da majigi. A wannan sashe ne Jadallah Jubara ya koyi aiki.

4.0 Jubara da Tajuj

A rubutun boko na Turai ana rubuta sunansa Gadalla Gubara, bisa lafazin Masar, amma harafin jimun ne, kuma furucin mutanen Sudan ya fi kusa da Jadallah Jubara. An haife shi a 1920. Ya fara ganin aikin fim lokacin da yake soja a Yaƙin Duniya na Biyu. A sashen finafinai shi ne mai ɗaukar hoto, Kamal Muhammad Ibrahim kuma mai rubutu. Jubara ya ɗauki bikin ɗaga tutar 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1956, ya kuma yi karatu a Kalifoniya ta Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Gajerun finafinansa a kan birnin Khartum, da titunansa da wuraren shaƙatawarsa na dare, su ne a yau shaidar da ta rage ta yadda birnin yake a wancan zamani. A 1974 ya kafa Studio Gad, ɗakin shirya fim mai zaman kansa na farko a ƙasar.

Ba shi ya fara cikakken fim a Sudan ba. An riga an yi Amal wa Ahlam, wato buri da mafarkai, a 1970, da kuɗin Rashid Mahdi, mai ɗaukar hoto na garin Atbara. A 1976 kuma Khalid Siddiƙ, mutumin Kuwait, ya zo ya baddala Ursuz Zain, wato auren Zain, na Ɗayyib Salih, da 'yan wasan Sudan, Ali Mahdi ya fito a Zain. Abin da Jubara ya yi daban shi ne komawa ga adabin baka.

Tajuj 'yar ƙabilar Hamran ce, makiyaya na gabashin Sudan a yankin kogin Setit, waɗanda Samuel Baker ya bayyana a littafinsa na 1867 a matsayin masu farautar giwa da takobi. Ana danganta labarin da ƙarni na 19. Muhallaƙ, wanda mutanen Sudan ke furtawa Muhallag domin ƙaf ɗinsu ga ce, ɗan'uwanta ne, jarumi kuma mawaƙi. Ya ambaci kyanta a waƙa a bainar jama'a, abin da al'adarsu ta ɗauka abin kunya ne, har aka so hana shi ita. Da aka yi auren, sai ya nemi ta tuɓe ta yi tafiya a gabansa ya kalle ta. Ta yarda, bisa sharaɗin zai yi mata duk abin da ta roƙa. Da ta cika nata, sai ta ce saki take so. Ya cika alkawari, ya shiga yawo yana waƙarta har ya mutu. Ita ma ƙarshenta bai yi kyau ba: a wasu ruwayoyin an kama ta a yaƙi, da maza suka fara kashe juna a kanta sai wani dattijo ya kashe ta don a huta. Ana kwatanta labarin da na Laila da Majnun, amma akwai bambanci babba. Laila hana ta aka yi, Tajuj kuwa ita ta zaɓi rabuwa, saboda an taɓa mutuncinta.

Kafin fim, labarin ya bi matakan da na Dickens ya bi, sai dai a juye. A farkon shekarun 1930 Khalid Abur Rus ya mayar da shi wasan kwaikwayo cikin waƙa da Larabcin Sudan, aka nuna a Omdurman, kuma ana lissafa shi cikin wasannin farko na ƙasar. A 1948 Usman Muhammad Hashim ya fitar da shi a ƙagaggen labari, wanda shi ma yana cikin na farko a Sudan. Wato a nau'i uku, dandamali da littafi da fim, idan mutanen Sudan za su gwada sabon abu, Tajuj suke fara ɗaukowa. Wannan ya yi kama da matsayin Shaihu Umar a Hausa: littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gasar 1933 zuwa 1934, wasan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay a 1975, fim ɗin Adamu Halilu a 1976.

Jubara ya kammala Tajuj a ƙarshen shekarun 1970. Ya ba mawaƙi Salah ibnul Badiya matsayin Muhallaƙ, kuma zaɓin yana da hikima, tunda tauraron labarin da waƙa ya jawo wa kansa, da waƙa kuma ya ƙare. Matsalar da ke gaban mai fim ɗin ta fi ta Walter Booth wuya. Booth fatalwa zai nuna, kuma dabarar ɗora hoto a kan hoto ta ishe shi. Jubara kuwa ƙullin labarinsa abu ne da baki yake iya faɗa a jimla ɗaya amma ba a iya nunawa a gaban 'yan kallon Omdurman, kuma kyan Tajuj, wanda kowane mai sauraro yake ƙera nasa a zuci, dole ya koma fuskar mace guda. Mai ba da labari da baka yana da ruwayoyi da yawa, yau ya kashe Tajuj ta wannan hanya gobe ta waccan. Mai fim sai ya zaɓi ɗaya. Fim ɗin ya sami lambar yabo a Alƙahira a 1982, an kuma nuna shi a bukukuwa a ƙasashen waje. Yana da rauninsa na ƙarancin kuɗi da kayan aiki, irin wanda fim na biyu ko na uku kan gyara. Na biyun ne bai zo ba.

4.1 Makaho da Littafin Hugo

Ƙarshen rayuwar Jubara ya isa labari shi kaɗai. Bayan fim ɗinsa Barakatush Shaikh na 1998, a kan malamin tsibbu mai yaudarar jama'a, ya shiga rigima da hukuma a kan filin Studio Gad. Yana da shekara kusan 80 idonsa ya tafi. Duk da haka ya ɗauko Les Misérables na Victor Hugo, littafin Faransa na 1862, wanda Larabawa suka sani da Al-Bu'asa, ya dasa shi a Sudan da 'yan wasan Sudan da harshensu. 'Yarsa Sara Jubara, wadda ta yi suna a ninƙaya mai nisa duk da shan inna da ta yi tana ƙarama, kuma ta karanci fim a Alƙahira, ita ta zama idonsa. Yana ba da umarni da kunne da ƙwaƙwalwa, tana duba abin da na'ura ke gani. An kammala aikin a tsakiyar shekarun 2000.

Wannan shi ne abin da ya fi kusa da Scrooge a finafinan Sudan. Jean Valjean, wanda ya yi shekara 19 a kurkuku a dalilin satar burodi, shi ma mutum ne da zuciyarsa ta ƙeƙashe, dare ɗaya ya juya shi. Bambancin shi ne Dickens ya ɗora laifi a kan attajiri ya aiko masa da fatalwa, Hugo ya ɗora shi a kan doka da 'yan sandanta. Ba abin mamaki ba ne tsohon da ke zaryar kotu da gwamnati a kan ɗakin aikinsa ya zaɓi na biyun. A 2008 aka rushe Studio Gad, a shekarar kuma Jubara ya rasu.

5.0 Mutuwar Gidajen Kallo

A 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kafa hukumar sinima ta ƙasa, ta karɓe shigo da finafinai da rarraba su. Matasa da aka tura karatu waje suka dawo: Ibrahim Shaddad daga Jamus ta Gabas, Sulaiman Ibrahim daga Mosko, Ɗayyib Mahdi da Manar Hilu daga Alƙahira. Sun yi gajerun finafinai masu kyau, irin su Jamal, wato raƙumi, na Shaddad, da Al-Mahaɗɗa, wato tasha, na Ɗayyib Mahdi. A Afrilun 1989 suka kafa Ƙungiyar Fim ta Sudan don su yi aiki ba tare da jiran gwamnati ba. Ranar 30 ga Yuni Umar al-Bashir ya yi juyin mulki.

Ba a fitar da doka guda da ta ce an haramta sinima ba. An rushe hukumar sinima a farkon shekarun 1990, hanyar shigo da finafinai ta toshe, tacewa ta tsananta, aka kuma sa dokar hana fitar dare wadda ta daɗe. Gidan da ba shi da rufi ba ya iya nuni da rana, idan kuma aka hana dare, an hana shi duka. Bidiyo da tauraron ɗan'adam suka ƙarasa sauran. A Kano ma bidiyo ya ci gidajen sinima, amma a can ya haifar da sabuwar sana'a tun daga Turmin Danya na 1990, har aka shiga baddala littattafan soyayya da tatsuniyoyi. A Khartum ba a sami irin wannan kasuwa ba.

Fim ɗin gaskiya na Suhaib Gasmelbari, Talking About Trees, wanda ya ci lambar yabo a Berlin a 2019, ya bi dattawan nan huɗu suna ƙoƙarin sake buɗe gidan sinima na Saura, wato juyin juya hali, a Omdurman, don nuni kyauta na dare ɗaya. Sun share fili, sun wanke allo, sun tambayi mutanen unguwa abin da suke so, aka zaɓi wani fim ɗin Amurka. Suka yi ta zarya tsakanin ofisoshi da jami'an tsaro, izini bai fito ba.

A wannan shekara ta 2019, wadda aka tumɓuke al-Bashir a cikinta, Amjad Abul Ala ya fito da Satamutu fil Ishrin, wato za ka mutu kana ɗan ashirin, daga gajeren labarin Hammur Ziyada. Ya ci kyautar fim ɗin farko a bikin Venice, ya kuma zama na farko da Sudan ta aika gasar Oscar. Jigonsa ya cancanci a ajiye shi kusa da na Dickens. An nuna wa Scrooge kabarinsa yana tsoho, sai ya fara rayuwa. Muzammil kuwa tun yana jariri aka yi masa duban mutuwa a wurin wani shehi a yankin Jazira, sai ƙauye duka ya binne shi da rai, uwarsa tana ƙirga kwanaki a bango, ubansa ya gudu. Wanda ya buɗe masa ido wani tsohon mai ɗaukar fim ne, Sulaiman, wanda yake nuna masa tsofaffin hotunan Khartum a ɗakinsa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya faɗa tsakiyar wannan farfaɗowa. Wata guda bayan fara shi aka nuna Wada'an Juliya na Muhammad Kurdufani a Cannes, masu shi da yawa suna gudun hijira. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda aka tara dubban faifan sashen finafinai tun na zamanin Turawa, ya zama sansanin mayaƙa har zuwa Maris na 2024 da soja suka ƙwace shi. Finafinan Jubara da dama sun tsira ne saboda tun daga 2013 iyalinsa suka haɗa kai da cibiyar Arsenal ta Berlin aka mayar da su na kwamfuta. Ita dai wannan cibiya ce ta taimaka aka gyara Shaihu Umar, bayan an gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar finafinai a Legas a 2016, aka sake nuna shi a Berlin a 2018, shekara 42 bayan Adamu Halilu ya ɗauke shi.